Yuro 1,535 da dutse guda: abin da aka ba Lizzie Deignan ranar da mata suka fara tseren Paris-Roubaix

Ranar Asabar 2 ga Oktoba 2021 wata 'yar Birtaniya, Lizzie Deignan, ta shigo filin zagayen keke na garin Roubaix a arewacin Faransa ita kaɗai tilo, ba kowa gabanta ba kowa kusa da bayanta, jiki duk taɓo, kan keken nata kuma ga jini nan ya ɓata shi saboda tafin hannunta ya sale, ba ta sa safar hannu ba. Ita ce mace ta farko da ta ci Paris-Roubaix, don dama a ranar aka fara barin mata su yi wannan tsere, alhali maza tun 1896 suke yinsa. Aka miƙa mata kofin gasar, wanda dutse ne sukutum irin na hanyar da aka bi, aka ɗora shi kan ɗan gindi, sannan aka rubuta mata kuɗinta, yuro 1,535. Washegari Lahadi Sonny Colbrelli na Italiya ya ci na maza, a filin nan dai, kamfani ɗaya ne ya shirya duka biyun, shi kuma aka ba shi yuro 30,000. Wato kusan ninki ashirin kenan.

Wanda bai san tseren keke ba zai iya cewa to mene ne abin tada jijiyar wuya, ai keke ne kawai. Bari dai in ɗan faɗi yadda wannan tseren yake, don ba irin sauran ba ne. Babu tsauni a cikinsa ko ɗaya, ƙasar a miƙe take, amma wahalarsa tana cikin wasu tsofaffin hanyoyin gona da aka shimfiɗa da manyan duwatsu tun zamanin kekunan doki, duwatsun ba su daidaita ba, wani ya nutse wani ya taso, tsakiyar hanyar ya yi tozo gefen ya zurma, taraktocin manoman gwoza da dankali ne ke bi a kai duk shekara. Ka ɗauka hanyar ƙauye ce da shanu suka tattake da damina sannan rana ta busar da ita, a ce ka bi ta da siririn keke a gudun kilomita arba'in cikin awa, mutum ɗari na matse da kai ta ko'ina. Girgizar tana shiga hannu da kafaɗa har haƙora, taya na fashewa, sarƙa na zamewa, gorar ruwa na tsalle ta faɗi, kuma in an yi ruwan sama dutsen ya zama santsi, birki ba ya ci, in na gabanka ya faɗi kai ma ka faɗi babu makawa. Su kansu Turawan suna ce masa jahannamar arewa. Shekara da shekaru abin da ake faɗa shi ne wai ya fi ƙarfin mata.

An so a fara na matan a 2020, korona ta hana, aka sa Afrilun 2021 aka sake ɗagawa, sai ya faɗo Oktoba, lokacin ruwa. Sun tashi daga garin Denain, kilomita 116 da 'yan kai, a ciki akwai yanki 17 na hanyar dutse, jimlarsu wajen kilomita 29, har da guda biyu daga cikin mafi muni da maza ke tsoro, Mons-en-Pévèle da Carrefour de l'Arbre. Deignan ma ba ita ce aka tsara za ta ci ba a kulob ɗinta na Trek-Segafredo, ita ce zaɓi na uku, akwai Elisa Longo Borghini da Ellen van Dijk a gabanta, aikinta kawai ta ja su ta shigar da su yankin dutse na farko suna gaba-gaba don kar faɗuwar wasu ta tare su. Ta ja, ta shiga dutsen, ta waiga ta ga babu kowa a bayanta, to sai ta ci gaba da taka feda. Saura fa sama da kilomita 80 a lokacin. A tseren keke wannan ganganci ne, don wanda ke gaba shi kaɗai shi ke shan duk iskar, na baya suna fakewa da juna suna karɓa-karɓa, yawanci kamo shi ake yi kafin ƙarshe. Amma a bayanta faɗuwa ake ta yi, taɓo ya cika hanya, wasu sun faɗi sau biyu sau uku suna tashi, Annemiek van Vleuten ta Holan, ɗaya daga cikin manyan duniya, ta faɗi ta karya ƙashin ƙugu, shekararta ta ƙare a nan. Akwai wurin da tayar bayan Deignan ta zame gefe guda gaba ɗaya, keken ya karkace kamar zai kwanta, ta riƙe shi da ƙarfi ta miƙar da shi ba ta ko sauke ƙafa ba. Daga baya Marianne Vos ta fito farautarta, Vos kuwa duk wanda ke bin wasan ya san ba a yi kamarta ba a tarihin mata, ta rage tazarar amma ba ta kamo ta ba, ta zo ta biyu da minti ɗaya da daƙiƙa 17, Longo Borghini ta uku. Fiye da rabin waɗanda suka tashi ba su samu shiga jerin sakamako ba, wasu sun janye, wasu sun ƙaraso bayan lokacin da aka ƙayyade ya wuce, sun san ba za a rubuta su ba amma suka ƙi sauka sai da suka shiga filin nan, don su dai a ce sun gama.

To yanzu kuɗin. Duk tukunyar da aka ware wa mata a ranar, daga ta ɗaya har ta ƙarshen da ake biya, yuro 7,005 ce. Ta maza 91,000. Ma'ana duk abin da matan nan suka raba gaba ɗayansu bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da Colbrelli shi kaɗai ya ɗauka ba. Kuma a al'adar tseren keke kuɗin kyauta ba aljihun wanda ya ci yake shiga ba, tarawa ake a raba tsakanin 'yan kulob da suka yi maka aiki, a ba makanikai da masu tausa da direbobi nasu rabon. Su shida ne a kulob ɗin ranar, in ka raba 1,535 gida shida kowace za ta tashi da wajen yuro 250, tun kafin a cire na ma'aikata da haraji. Keken da take kai kuwa, tayoyinsa kaɗai sun fi wannan kyautar tsada.

Abu na farko da masu kare wannan bambanci ke cewa shi ne ai maza sun fi nisa. Gaskiya ne, na maza kilomita 257 da ɗoriya ne, yankin dutse 30. To mu bi lissafin nasu mana. Tseren mata ya kai kusan kashi 45 cikin 100 na nisan na maza, da a ce da nisa ake biya da Deignan ta tashi da wajen yuro 13,500, ba 1,535 ba. Kowace kilomita ta Colbrelli an biya ta wajen yuro 116, ta Deignan wajen 13, a kan duwatsun nan guda, a taɓon nan guda. Sannan ba matan ne suka zaɓi gajeriyar hanya ba, masu shirya tseren ne suka zana ta, hukumar keke ta duniya UCI kuma dama ta sa wa tseren mata na yini ɗaya iyaka, kada ya wuce kilomita 160. Ka hana mutum nisa da doka sannan ka ce za ka rage masa kuɗi don bai yi nisa ba, haba, wannan ai ba hujja ba ce. Kuma a wane wasa ake biya da tsawon hanya? Mai gudun mita 100 ba a ce a ba shi ƙasa da mai gudun fanfalaki don nasa ya ƙare cikin daƙiƙa goma.

Abu na biyu ya fi nauyi, kuma shi ya kamata a tsaya a kai. Suna cewa kasuwa ce, tseren maza shi ke kawo kuɗin talabijin da na talla, na mata asara ake yi. Christian Prudhomme, darektan Tour de France, babban tseren keke na Faransa, a kamfanin ASO, wato kamfanin da ke da Paris-Roubaix ɗin ma, ya faɗa a 2021 cewa duk tserukan matan da suke shiryawa asara suke ja musu. Ban ce ƙarya yake ba. Rufe hanya, 'yan sanda, babura masu kyamara, jirgi mai saukar ungulu da ke shawagi yana tura hoto, duk kuɗi ne masu yawa, kuma tseren keke ba a sayar da tikiti, mutane a bakin titi suke tsayawa kyauta. Amma a tambaya mana, yaya aka yi na maza ya zama mai kuɗi? Shekara 125 ana yinsa, jaridu na rubutawa, rediyo na faɗa, talabijin na nunawa, kaka ya kai jika bakin hanya, har ya zama abin da duk ɗan yankin ke jira. Na mata kuwa ranar farko ce, an kulle musu ƙofa tsawon wannan lokaci, sai a buɗe yau a ce ina taron da kuka tara? Kuma ga abin da ya fi ci mini rai a duk lamarin nan, lokacin da Deignan ta ɓalle a yankin dutse na farko, wato daidai abin da ya yanke tseren, ba a fara nunawa kai tsaye ba tukuna. Masu kallo sun kunna ne suka tarar tana gaba ita kaɗai, ba su ga yadda aka yi ba. Washegari na maza an nuna shi tun daga tashi har ƙarshe, awa shida da wani abu. Ba ka nuna kaya ba, ka ce ba ya sayuwa.

Wannan magana ta talabijin ba ƙarama ba ce, don ita ce gindin komai. Kulob ɗin keke ba shi da filin wasa, ba shi da kuɗin shiga ƙofa, abin da yake sayarwa kawai shi ne sunan kamfanin da ke rubuce a rigar 'yan wasansa, shi ya sa ma sunan kulob ɗin sunan kamfani ne, Trek masu ƙera keke, Segafredo masu kofi. In ba a nuna rigar a talabijin ba kamfani ba zai zuba kuɗi ba, in bai zuba ba babu albashi, in babu albashi yarinya sai ta haɗa da aikin shago ko karatu, ba za ta iya atisaye yadda ya kamata ba, sai tazara ta yi yawa tsakanin 'yan ƙalilan ɗin da ake biya da sauran, sai a dawo a ce ai tseren mata ba shi da armashi kullum mutum biyar ne ke ci. Haka abin ke zagayawa. Sai a 2020 UCI ta wajabta wa manyan tserukan mata nunin aƙalla minti 45 kai tsaye, kuma ASO ɗin nan da farko ja ta yi da dokar, har aka yi ta raɗe-raɗin za ta cire tserukanta biyu na Beljiyam daga babban jadawali. Giro na mata a Italiya, wanda shi ne tsere mafi girma da suke da shi a lokacin, sai da aka sauke shi daga matakin farko a 2021 saboda ya kasa nunawa kai tsaye.

Shekarar 2021 ɗin dama tun farkonta wutar ke ruruwa. A Fabrairu aka yi tseren Omloop Het Nieuwsblad a Beljiyam, Anna van der Breggen, tana sanye da rigar zakarar duniya, ta ci aka ba ta yuro 930, Davide Ballerini ya ci na maza a rana ɗaya ya karɓi 16,000. Mutane suka yi ca a intanet. Shugaban kamfanin da ya shirya, Tomas Van Den Spiegel na Flanders Classics, ya fito ya ce su fa sun zaɓi su zuba kuɗinsu a nuna tseren kai tsaye, wanda a shekarar ne aka fara, kuma daidaita kyauta na nan cikin shirinsu. Mako guda bayan nan sai Strade Bianche a Italiya, inda kyautar mace ta ɗaya yuro 2,256 ce ta namiji 16,000, sai wani mai son wasan daga Holan ya buɗe asusun karo-karo a intanet, cikin 'yan kwanaki masu kallo suka tara sama da yuro 20,000 don a raba wa mata biyar na farko. Abin ya burge ni kuma ya ba ni kunya a madadin masu shiryawa, a ce talakan da ke kallo a falonsa shi zai cike giɓin da kamfani ya bari. Longo Borghini, da ta zo ta biyu a ranar, da abokan wasanta cewa suka yi ba za su ci kuɗin ba, za su mayar da su wajen tallafa wa tseren mata.

Akwai ma wani abu da ya faru a Omloop ɗin a 2019 da har yanzu in na tuna sai raina ya sosu. An saki maza, bayan minti goma aka saki mata a hanya ɗaya, wata 'yar Suwizalan, Nicole Hanselmann, ta ɓalle ita kaɗai tana ta gudu har ta kusa cimma motocin da ke bin bayan maza, sai alƙalai suka tsayar da ita a bakin hanya, suka tsayar da duk tseren mata, wai a jira maza su ƙara gaba. Jikinta ya yi sanyi, da aka sake su ba ta ƙara komawa daidai ba, ta ƙare ta 74.

Mu koma Roubaix. Da hoton hannun Deignan da lambobin nan biyu suka zagaya duniya, kulob ɗinta ne ya fara motsi. Trek-Segafredo dama a shekarar sun ɗauki alkawarin duk tseren da matansu suka ci za su cike musu kuɗin ya kai na maza daga aljihun kamfani, to sai suka biya bambancin, yuro 28,465. Wannan kulob ɗin ne kuma ya sa hannu a kwantiragi da ita a 2018 tana da ciki, lokacin da a wannan wasa ciki na nufin aiki ya ƙare, ta haihu ta dawo ta ci abin da ta ci. Sun kyauta ƙwarai, amma kamfani ɗaya ne ya ga dama, da Vos ce ta ci ko wata yarinya daga ƙaramin kulob ba lalle ta samu mai cike mata ba. Haƙƙi ba a barinsa ga wanda ya ga dama.

Sai ga abin da ya sa na zaɓi wannan lamari. Wata shida da 'yan kwanaki bayan nan, 16 ga Afrilu 2022, aka yi karo na biyu. Kamfanin Zwift, masu manhajar tuƙa keke a cikin ɗaki, suka shigo a matsayin masu ɗaukar nauyi, tukunyar mata ta tashi daga 7,005 zuwa wajen 50,000, wadda ta ci, Longo Borghini ce a wannan karon, ta karɓi yuro 20,000. Ninki 13 cikin wata shida. Me ya canza a wata shida? Matan nan dai su ne, duwatsun su ne, nisan ma ɗan kaɗan aka ƙara. Abin da ya canza shi ne an nuna su, duniya ta gani, an ji kunya, mai talla ya ga akwai idanu a wurin ya kawo kuɗi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna 1,535 ɗin nan ba wata kasuwa ce ta yanke ta ba, mafi ƙarancin abin da dokar UCI ta yarda a biya ne a lokacin, kamfani mafi ƙarfi a duniyar keke kuma ya biya daidai nan bai ƙara ko sisi ba. A wannan bazarar ce kuma Flanders Classics suka cika alkawari a babban tserensu, Tour of Flanders, Lotte Kopecky ta ci ta karɓi 20,000 daidai da na namiji, a 2023 suka daidaita sauran tserukansu.

Amma zan zama na rage gaskiya in na bar maganar a kan kyauta kawai, don su kansu 'yan tseren da yawa, har da Van Vleuten, sun sha faɗa cewa ba ita ce damuwarsu ta farko ba. Kyauta wa take zuwa? Mutum goma sha biyar ko ashirin na farko, kuma yawancinsu 'yan manyan kulob ne da dama suna da albashi. Yarinyar da ta zo ta 90, wadda ta yi ta kai wa shugabarta gorar ruwa, ta ba ta tayarta da aka yi faci, ita ba ta ganin komai ko da an mayar da kyautar miliyan. Ita albashi take buƙata, da inshora, da likita. Kafin 2020 babu ma wata doka da ta ce dole a biya mace mai tseren keke ko nawa ne. A 2020 aka sa mafi ƙarancin albashi a manyan kulob, yuro 15,000 a shekara, 2021 ya koma 20,000, 2022 ya zama 27,500, a 2023 ya haura 32,000, hutun haihuwa kuma tun 2020 aka shigar da shi. A shekarar da Deignan ta ci Roubaix mafi ƙarancin na maza a babban mataki ya kai wajen 40,000, ninki biyu. Kuma a lokacin wannan doka manyan kulob kaɗai ta shafa, ƙananan da suka cika rabin layin tashi babu ruwansu. Ƙungiyar 'yan tseren mata, The Cyclists' Alliance, da Iris Slappendel da wasu 'yan wasa suka kafa a 2017, tana yin binciken jin ra'ayi duk shekara, na 2021 ya nuna kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka amsa ba a biyansu albashi ko kaɗan. Wato a cikin matan da suka sha taɓo a ranar nan akwai waɗanda Litinin za su koma wurin aiki da ƙujewa a gwiwa. In muka duba gida ma, Ese Ukpeseraye da ta wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta Paris 2024, keken da ta yi tseren cikin fili da shi aro ne daga tawagar Jamus, ita maganar ninki ashirin ma ba ta taso ba tukuna.

To in haka ne a bar maganar kyauta a kama ta albashi da talabijin? Nan ne ban yarda ba. Ana gabatar da abin kamar dole sai an zaɓi ɗaya, alhali a kasafin babban tsere kuɗin kyauta shi ne ƙaramin layi. Bambancin tukunyar biyu a 2021 yuro 84,000 ne, ga kamfanin da ke da Tour de France da tseren motoci na Dakar. Albashi a ɓoye yake cikin kwantiragi ba mai gani, kyauta kuwa ita ake bugawa a jarida, ita yarinya 'yar shekara sha biyu ke karantawa, ita uba ke gani lokacin da yake tunanin ko ya bar 'yarsa ta bi wannan hanya ko ya ce ta nemi wani abu. Lambar tana faɗa wa kowa nawa mai shirya gasa ya ɗauki wahalarki. Kuma a aikace ma, surutun da aka yi kan 930 da 1,535 shi ya jawo hankalin da ya taimaka wa sauran, don lamba ce da kowa ke ganewa nan take, ba sai an yi dogon bayani ba. A tanis haka aka yi, gasar Amurka ta daidaita kyauta tun 1973 bayan matsin Billie Jean King, Wimbledon ta yi ta jan ƙafa har 2007, kuma babu wadda ta durƙushe saboda haka. UCI ma da kanta tun 2013 take biyan mace da namiji daidai a gasar zakarun duniya.

Tour de France na mata shi ma ya dawo a Yulin 2022, bayan wanda aka yi daga 1984 zuwa 1989 aka bari ya mutu, kuma dawowar tasa ba kyauta aka yi musu ba, tun 2013 Vos da Emma Pooley da Kathryn Bertine da Chrissie Wellington suka tara sa hannun mutum sama da 90,000 suna nema, abin da aka ba su a 2014 tseren yini ɗaya ne. Van Vleuten, wadda ta karye a Roubaix wata tara da wani abu kafin nan, ita ta ci na 2022, ta karɓi yuro 50,000, Jonas Vingegaard da ya ci na maza ya karɓi 500,000. Kwana takwas ne nasu, na maza 21, in aka bi kwana ma da ta samu wajen 190,000. Jama'a kuwa sun cika bakin hanya, miliyoyi sun kalla a Faransa kaɗai, abin da aka ce ba mai so.

Roubaix na mata yanzu ya zauna da gindinsa. Alison Jackson ta Kanada, 'yar manoma, ta ci a 2023 daga cikin 'yan ɓallewar da ba wanda ya zata za su kai, ta sauka daga keke ta hau rawa a tsakiyar fili, Kopecky ta ci 2024, Pauline Ferrand-Prévot ta ci 2025 a gaban 'yan ƙasarta. Ba a ƙara jin mai cewa ya fi ƙarfin mata ba. Amma kuɗin tun da ya yi tsallen nan na 2022 ya tsaya cak, har zuwa 2025 mace 20,000 namiji 30,000, tukunyar mata wajen 50,000 ta maza 91,000, surutu ya lafa shi ma ya lafa. Yuro 10,000 ne ya rage a kan ta ɗaya, wajen 40,000 a kan duka tukunyar, kuma masu Flanders da ke tsallaken iyaka, waɗanda ba su kama ƙafar ASO a ƙarfi ba, sun cike nasu tun 2022.